Tsallaka Tsaunukan Alps da Hannibal Ya Yi a Shekarar 218 Kafin Miladiyya: Lissafin Riba da Hasara

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi tafiyar da Hannibal ɗan Hamilkar Barka, sarkin yaƙin Kartaj, ya yi da rundunarsa daga Sifaniya zuwa arewacin Italiya ta cikin tsaunukan Alps, a farkon yaƙi na biyu tsakanin Kartaj da Rum. An dogara da ruwayar Polybius da ta Livy, an kuma duba binciken ƙasa na baya-bayan nan. Maƙalar na ganin cewa yawan maganar giwaye da gardamar ta wace kafa aka bi sun rufe ainihin tambayar, wato nawa Hannibal ya biya, me kuma ya samu. Sakamakon nazarin ya nuna cewa guzuri, jagorori da yarjejeniya da ƙabilu su ne suka ɗauki nauyin tafiyar, kuma nasarar tsallakawar ta dogara ne a kan wani lissafin siyasa da rabinsa kawai ya tabbata. Shekarun zamanin yaƙin da aka ambata duk na kafin Miladiyya ne.

1.0 Gabatarwa

Kartaj birni ne na 'yan kasuwa da matuƙa jiragen ruwa a gaɓar Afirka ta Arewa, kusa da birnin Tunis na yau. Tsakanin 264 da 241 ta gwabza yaƙi na farko da Rum a kan tsibirin Sisili, ta sha kaye, aka ɗora mata diyyar talanti 3,200 na azurfa. Talanti ɗaya kuwa ya kai kimanin kilo 26. Ba a jima ba Rum ta ƙwace Sardiniya, ta ƙara mata talanti 1,200. Don maye gurbin abin da aka rasa, Hamilkar Barka ya tsallaka zuwa Sifaniya a 237, inda ake da ma'adinan azurfa da matasa masu son aikin soja. Bayan rasuwarsa surukinsa Hasdrubal ya gaje shi, ya kafa birnin Sabuwar Kartaj, wato Kartahena ta yau, ya kuma yi yarjejeniya da Rum a 226 cewa rundunar Kartaj ba za ta tsallake kogin Ebro da makami ba. Da aka kashe Hasdrubal a 221, sojoji suka zaɓi Hannibal, yana ɗan shekara 26 ko kusa da haka.

A 219 Hannibal ya yi wa birnin Saguntum, abokin ƙawancen Rum, ƙawanya har wata takwas, ya ci shi. Rum ta ɗaura yaƙi. Shirinta a bayyane yake: ɗaya daga cikin shugabanninta biyu, Publius Sipiyo, zai tafi Sifaniya, ɗayan kuma, Tiberius Sempronius, zai bi ta Sisili ya afka wa Afirka. A tunanin Rumawa, yaƙin a gidan abokin gaba za a yi shi. Tafiyar da wannan maƙala ke nazari ita ce ta juya wannan shiri.

2.0 Madogarar Nazari

Duk abin da ya rage mana na wannan tafiya daga ɓangaren Rum ya fito. Helenawa biyu, Silenus da Sosylus, sun zauna tare da Hannibal, sun kuma rubuta tarihinsa, amma littattafansu sun salwanta. Saboda haka shaidunmu manya biyu ne. Na farko Polybius, Bahelene da aka haifa wajajen 200, wanda ya zauna a Rum. Ya ce ya tambayi mutanen da suka ga zamanin, kuma shi da kansa ya bi tsaunukan don ya gani da idonsa. Ya kuma karanta wani allon tagulla da Hannibal ya kafa a Lasiniyum, kudancin Italiya, mai ɗauke da adadin sojojin da suka iso. Na biyu Livy, Barume da aka haifa a 59, wanda ya yi rubutu kimanin shekara 200 bayan tafiyar, mai son ƙawata labari.

A wannan maƙala an fifita Polybius inda suka saɓa, saboda kusancinsa da zamanin da kuma yadda ya fito fili ya soki marubutan da suka ce wani abin bauta ko wani gwarzon aljanu ne ya yi wa Hannibal jagora. A cewarsa, janar mai hankali ba zai jefa dubban mutane cikin tsaunin da bai bincika ba. Wannan magana ita ce tushen hujjar da ke tafe.

3.0 Me Ya Hana Bin Teku?

Daga Sifaniya zuwa Italiya jirgin ruwa ya fi sauri nesa ba kusa ba. Amma tun ƙarshen yaƙi na farko Rum ce ke riƙe da teku, kuma tsibiran da jiragen yaƙi na wancan zamani ke buƙata don ɗibar ruwa da hutun masu tuƙi, wato Sisili da Sardiniya da Kosika, duk suna hannunta. Birnin Massaliya, Marsay ta yau, shi ma abokinta ne. Ɗaukar dawaki dubbai a jirgi ta irin wannan gaɓa kasada ce da ta fi ta tsauni.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. A kwarin kogin Po, gindin tsaunukan daga ɓangaren Italiya, mutanen Gol ne ke zaune, musamman ƙabilun Boyi da Insubri. Rum ta murƙushe su a yaƙe-yaƙen 225 zuwa 222, a 218 kuma ta kafa garuruwan 'yan kaka-gida biyu a ƙasarsu, Plasentiya da Kremona. Golawan nan na cike da haushi. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kafin ya tashi, Hannibal ya aika manzanni zuwa ga sarakunansu, suka dawo da labarin cewa hanyar na da wuya amma tana biyuwa, kuma za a karɓe shi. Duk wanda ya bi ta tsauni, a tsakiyar waɗannan mutane zai sauka. Hanyar tsauni ita ce hanyar da ke kaiwa ga sababbin sojoji.

4.0 Daga Sabuwar Kartaj Zuwa Kogin Ron

Polybius ya ce Hannibal ya tashi da dakaru 90,000 da barade 12,000. Bayan faɗace-faɗace masu tsanani a arewacin Ebro, ya bar wa wani kwamanda mai suna Hanno dakaru 10,000 da barade 1,000 don tsare yankin, ya kuma sallami adadi irin wannan su koma gida. Da dakaru 50,000 da barade 9,000 ya tsallake tsaunukan Firenis. Lokacin da ya ƙetare kogin Ron, saura dakaru 38,000, barade sama da 8,000 da giwaye 37. Ashe tun kafin a hango Alps rundunar ta ragu da fiye da rabi, kuma wani ɓangare na ragin da gangan aka yi shi, domin kowane baki da aka rage sauƙi ne ga masu guzuri.

A bakin Ron, Golawan yankin sun taru a ɗaya gaɓar don hana fito. Hannibal ya sayi duk wani kwale-kwale da ke wurin, ya sa aka sassaƙa wasu, sannan cikin dare ya tura wani Hanno ɗin, ɗan Bomilkar, da wata ƙungiya su haura kogin su ƙetare ta sama. Da suka zagayo bayan abokan gaba suka tayar da hayaƙi, sai babbar runduna ta faɗa ruwa, Golawa suka ga wuta gaba da baya, suka watse.

Fiton giwaye ya fi ɗaukar dabara. An ɗaɗɗaure gungume aka yi dogon dandamali daga gaɓa zuwa cikin ruwa, aka zuba masa ƙasa har ya yi kama da hanya. Aka sa giwaye mata biyu a gaba, sauran suka bi su. Da suka hau ɓangaren ƙarshe, sai aka yanke igiyoyi, ƙananan jirage suka ja shi. Wasu giwayen sun firgita sun faɗa ruwa, masu kula da su suka nutse, amma su dabbobin suka ɗaga hancinsu sama suna numfashi, suka taka ƙasan kogin har suka fita.

A daidai wannan lokaci Sipiyo ya sauka a bakin kogin kusa da Massaliya. Baradensa 300 suka yi arangama da mahayan Numidiya 500 da Hannibal ya tura leƙen asiri. Da ya iso sansanin Hannibal, ya tarar an tashi kwana uku da suka wuce. Sai ya yanke wata shawara da za mu koma kanta: ya tura yawancin rundunarsa Sifaniya ƙarƙashin ɗan'uwansa Gnaeus, shi kuma ya koma Italiya ta teku.

5.0 Kwana Goma Sha Biyar a Cikin Tsauni

Kafin a fara hawa, rundunar ta yada zango a wani yanki mai albarka tsakanin koguna biyu da ake kira Tsibiri. A can ta tarar da 'yan'uwa biyu suna rikicin sarauta. Hannibal ya goyi bayan babban, ya ɗora shi a gado. Tukwicin da ya samu shi ne hatsi, sababbin makamai, tufafin sanyi da takalma, da kuma 'yan rakiya har gindin tsauni. Yawancin masu ba da labarin kan wuce wannan zango da sauri, alhali mutanen da suka fito daga Afirka da kudancin Sifaniya ba za su kai ƙoli da tufafin bazara ba.

Harin farko daga ƙabilar Allobroji ya zo. Sun tsare duwatsun da ke saman wata ƙunƙuntar hanya. 'Yan leƙen asirin Hannibal, waɗanda su ma Golawa ne, suka gano cewa masu tsaron kan koma garinsu da dare. Sai ya sa aka hura wuta da yawa a sansani kamar kowa na nan, ya ɗauki zaɓaɓɓun mayaƙa ya hau ya kame wuraren cikin duhu. Duk da haka da safe Allobroji suka afka wa ayarin kaya. Dawakin da aka raunata suka haukace a kan hanyar da gefenta rami ne mai zurfi, suna ture alfadarai da kayansu zuwa ƙasa. Hannibal ya sauko ya kore su, ya ci garinsu, ya samu hatsi da dabbobin da za su ci kwana biyu ko uku.

Hari na biyu da yaudara ya zo. Wasu mutanen tsauni suka fito da rassan itace a hannu alamar sulhu, suka kawo shanu, suka ba da mutanen jingina, suka kuma ba da jagorori. Hannibal bai yarda da su ba, bai kuma kore su ba. Ya sa kaya da barade a gaba, ya jera manyan dakaru a baya. Bayan tafiyar kwana biyu, a cikin wani kwazazzabo, kwanton ɓauna ya tashi, ana mirgino duwatsu daga sama. Dakarun baya ne suka tare harin. Hannibal ya kwana da rabin rundunarsa kusa da wani farin dutse, a rabe da dawakinsa, har ayarin ya gama wucewa cikin dare. Giwaye sun yi amfani a nan, domin mutanen tsauni ba su taɓa ganin irinsu ba, ba sa kusantar inda suke.

A rana ta tara aka kai ƙoli, aka huta kwana biyu ana jiran waɗanda suka maƙale a baya. Polybius ya ce lokacin ya yi kusa da faɗuwar taurarin da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, wato ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma dusar ƙanƙara ta fara taruwa. Gangarowa ta ci rayuka kusan daidai da hawa, ko da yake babu maƙiyi sosai. Sabuwar dusa ta rufe tsohuwa wadda ta daskare tun bara. Mutum ya taka, ƙafarsa ta huda ta sama, ta zame a kan ta ƙasa, in ya dafa da hannu ko gwiwa sai ya ƙara sulalewa. Dabbobi masu kaya kuwa kofatonsu kan fasa tsohuwar ƙanƙarar su maƙale a ciki. Sai kuma aka iske inda ƙasa ta zaftare ta cinye hanya tsawon kusan mita 300. Hannibal ya sa mahayan Numidiya aikin gyara, ƙungiya bayan ƙungiya. Cikin kwana ɗaya aka buɗe wa dawaki da alfadarai, aka gangara da su makiyaya nan take. Giwaye sai da suka jira kwana uku, yunwa ta kusa kashe su. Livy ya ƙara da cewa an hura wuta a kan dutse aka zuba masa ruwan inabi mai tsami don ya farfashe, amma Polybius bai ambaci haka ba.

Bayan wata biyar da barin Sabuwar Kartaj, da tafiyar kimanin kilomita 1,500, rundunar ta sauka a kwarin Po. Allon Lasiniyum ya ce waɗanda suka iso su ne dakarun Afirka 12,000, na Sifaniya 8,000 da barade 6,000.

6.0 Gardamar Mashiga

Tun zamanin Livy ake saɓani a kan kafar da aka bi. Daga cikin waɗanda masana suka fi ambata akwai Ƙaramar San Barna mai tsayin mita 2,188, da Montgenèvre, da Mont Cenis, da Clapier, da Traversette wadda ta doshi mita 2,950. Masanin Ingila Gavin de Beer ya kare Traversette a littafinsa na 1955 Miladiyya. A 1959 wani ayarin 'yan Ingila ƙarƙashin John Hoyte ya ɗauki giwa daga gidan namun daji na Turin don gwada Clapier, hanya ta gagara, suka ƙetare ta Mont Cenis. A 2016 William Mahaney na Jami'ar York da ke Toronto da abokan aikinsa suka wallafa cewa sun tono wani fadama kusa da Traversette, suka sami shimfiɗar laka da aka tattake mai ɗauke da ƙwayoyin cuta irin na kashin dawaki, wadda gwajin shekaru ya kai ta wajajen zamanin tafiyar. Binciken ya nuna dabbobi masu yawa sun tsaya a wurin, amma bai ce na wane ne ba, don haka masana da dama ba su gamsu ba. Matsayin wannan maƙala shi ne, ko wace kafa aka bi, adadin waɗanda suka shiga da na waɗanda suka fita bai canja ba, kuma a nan hukunci yake.

7.0 Riba da Hasara

Mutum 46,000 suka ƙetare Ron, 26,000 suka isa Italiya. Wasu sun mutu a faɗa, wasu sun faɗa rami, wasu sanyi da yunwa suka kashe, akwai kuma alamar wasu sun sulale sun gudu. Dalilin yunwar a fili yake in aka yi lissafi. Polybius, a inda yake bayanin rundunar Rum, ya nuna rabon soja na alkama ya kusa kilo ɗaya a rana. In aka auna da wannan, mutum 46,000 na buƙatar kusan tan 40 kullum, ban da harawar dawaki, ban da giwa wadda ita kaɗai kan ci fiye da kilo 100 na ganye a yini. Saman tsauni babu gona, babu ciyawa. Kowane alfadari da ya faɗa rami, abincin mutane da yawa ne ya tafi. Aikin Hannibal a waɗannan kwanaki ya fi kama da na madugun fatake: sanin zango, sanin wanda za a biya, wanda za a yi wa alheri, da wanda za a sa wa ido.

Abin lura na biyu shi ne yadda hasarar ta rabu. Dakaru sun ragu da kusan rabi, barade kuwa da kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Wannan ya dace da abin da muka gani na sa dawaki a gaba lokacin kwanton ɓauna da gaggauta kai su makiyaya. Baraden nan ne suka ba Hannibal nasara a kogin Tisinus a Nuwamban 218, inda aka raunata Sipiyo, da kogin Trebiya a Disamba, da kuma Kannai a 216. Giwayen da suka cika labari kuwa, bayan Trebiya sanyi ya kashe su duka sai ɗaya.

Ribar farko ta samu nan take. An kira Sempronius daga Sisili, harin Afirka ya fasa, kuma babbar rundunar Rum ba ta sauka a can ba sai 204, bayan shekara 14. Golawa ma sun cika alƙawari, musamman bayan Hannibal ya ci babban garin ƙabilar Taurini cikin kwana uku. A Kannai yana da dakaru kimanin 40,000 da barade 10,000, kuma cikin mamatan ɓangarensa Golawa ne suka fi yawa, kusan 4,000.

Rabin lissafin na biyu shi ne bai fita ba. Polybius ya kawo ƙidayar 225 wadda ta nuna Rum da ƙawayenta na iya tara dakaru sama da 700,000 da barade 70,000. Mai mutum 26,000 ba zai ci irin wannan ƙasa ba sai ƙawancen ya wargaje. Shi ya sa Hannibal ke sakin fursunonin ƙawayen Rum ba fansa, yana tsare Rumawa. Bayan Kannai birnin Kapuwa da yankuna da dama na kudu sun koma gare shi, amma tsakiyar Italiya da garuruwan Latin sun tsaya da Rum. Ga shi kuma tsaunin da ya tsallaka ya raba shi da tushensa. Rundunar da Sipiyo ya tura Sifaniya ta tare ƙanin Hannibal, wani Hasdrubal ɗin, kusa da Ebro a 215. Sai a 207 ƙanin ya samu ƙetare Alps, cikin sauƙi fiye da wansa, amma Rumawa suka hallaka shi a kogin Metaurus kafin su haɗu. A 203 aka kira Hannibal gida, a 202 ɗan Sipiyo ya ci shi a Zama.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsallaka Alps shiri ne da aka auna, wanda aka gina a kan manzanni, 'yan leƙen asiri, guzuri da kare barade, aka kuma biya shi da mutum kusan 20,000. Ya cimma manufarsa ta kusa, domin ya mayar da fagen yaƙi Italiya, ya kuma ba Kartaj shekara 14 na kariya daga babbar mamaya. Manufarsa ta nesa, wato rusa ƙawancen Rum, ba ta hannun janar kaɗai ba ce, kuma ba ta samu ba. Ana ba malaman tarihi shawara, in sun zo koyar da wannan babi na tarihin Afirka ta Arewa, su sa ɗalibai su kwatanta Polybius da Livy da kansu, su bi adadin sojoji zango bayan zango, su kuma riƙa tuna cewa shaidun biyu daga ɓangaren wanda ya ci yaƙin suka fito.